Yadda Ake Gane Ma'anar "Put Off" da Yadda Ake Sa Shi a Jimla

Duk wanda ya taɓa zama jarrabawar Turanci ta WAEC ko NECO ko JAMB ya san tambayar nan da ake ja wa ƙananan kalmomi biyu layi a ce ya zaɓi abin da suke nufi. Kalmomin kuwa ba baƙi ba ne, tun firamare aka san su: put, off, up, out. Amma da zarar an haɗa su sai ma'ana ta sauya hanya. Malaman Turanci suna kiran wannan haɗi phrasal verb, wato aikatau da ake rataya masa wata 'yar kalma, su biyun su ba da ma'anar da ba ta kowannensu ba. Bahaushe ya san wannan dabara a harshensa. Muna cewa sa hannu, sa ido, sa baki, sa rana, sa kai. Duk "sa" ɗaya ce, amma ba wanda zai ji an ce wane ya sa baki a rigima ya zaci bakin ya cire ya ajiye.

A nan guda ɗaya za mu kama, put off, mu bi shi har gida. Yana da ma'anoni da yawa, kuma yana cikin waɗanda aka fi juya wa ma'ana a Turancin da muke ji a makarantu da ofisoshi. Wanda ya iya shi ta wannan hanya zai iya bin sauran 'yan'uwansa da ita.

Kayan da za ka tanada

Na farko ƙamus na Turanci zalla, irin wanda aka yi don masu koyo, kamar na Oxford ko Longman ko Cambridge. Ƙaramin ƙamus na aljihu ba zai yi ba, domin ma'ana ɗaya ko biyu yake kawowa babu misali, misalan kuwa su ne rabin aikin. Idan ba ka da na takarda, dukkan ukun suna da shafi a intanet da ake buɗewa kyauta, har da ɗan hoton lasifika da za ka taɓa ka ji furuci. A na takarda, kada ka nema a ƙarƙashin off. Ka je put, ka wuce duk ma'anoninsa masu lamba, can ƙasa za ka tarar da haɗe-haɗensa a jere bisa tsarin abacada, put aside, put away, put down, har ka iso put off. Za ka ga ana rubuta sth da sb. Na farko yana nufin abu, na biyu mutum. Ka riƙe wannan, domin kusan duk aikin a kansa ya rataya.

Sai littafin rubutu da ka ware don wannan kaɗai, mai shafi 40 ya isa, da biro biyu, shuɗi da ja. Sai waya mai ɗaukar murya. Sai tsohuwar jaridar Turanci, ko shafinta a waya. Idan jarrabawa kake shiryawa, ka nemi tsofaffin tambayoyi. In da hali a samu mutum ɗaya da ya fi ka Turanci da zai duba jimlolinka. In babu, misalan ƙamus za su tsaya maka, muddin ka bi tsarinsu ƙafa da ƙafa.

Mataki na 1: Ka san siffofin put

Put ba ya sauya kama idan aikin ya wuce. Yau put, jiya put, an riga an yi ma put. Saboda haka "They put off the meeting yesterday" daidai ne, kuma wanda ya rubuta putted ya zubar da maki. Wuri biyu kaɗai yake sauyawa. Idan mai aikin he ne ko she ko it, kuma al'adarsa ce, sai a ƙara s: "He puts off everything." Idan aikin yana gudana, sai a ninka t a ce putting. Harafin t biyu ne, a kula.

Wannan rashin sauyi yana da ɗan tarko. "They put it off" na iya nufin sun ɗage, na iya nufin sukan ɗage. Sauran kalmomin jimlar ne za su raba gardama, irin su yesterday ko always. Amma da he ko she babu ruɗu: "she put" ya wuce, "she puts" hali ne.

Mataki na 2: Ka gyara furuci tun da wuri

A Hausa harafi ɗaya muke da shi, f, yana rufe sautin da Bature ya raba biyu. Shi ya sa put off kan fito daga bakin ɗalibi kamar "fut op", ko "fut of", mai sauraro ya ji foot, wato ƙafa. Gyaran ba wuya. Wajen p, ka haɗa leɓɓanka biyu ka rufe ruf, sannan ka sake su iska ta fashe. Ka riƙe 'yar takarda a gaban bakinka, in ta motsa ka yi daidai. Wajen f, haƙoran sama ne ke sauka kan leɓen ƙasa, iska tana zirarewa ba tare da an rufe baki ba. Ka duba madubi. In ba ka ga haƙoranka a ƙarshen off ba, ba ka faɗe shi ba.

Wasalin put gajeren u ne, irin na farkon kalmar kunu. Ba a furta shi kamar but ko cut, ko da yake rubutunsu ya yi kama. Off kuma ya bambanta da of, wanda ƙarshensa sautin v ne. Nauyin murya a kan off yake sauka, kuma t ɗin yana tsallakawa ya manne da shi, kamar ka ce pu-tof. Ka ɗauki muryarka kana faɗin "put it off" sau biyar, ka saurari ta ƙamus, ka sake.

Mataki na 3: Ka tambayi kanka, abu ake put off ko mutum?

Wannan ita ce tambayar da ke buɗe ƙofa. Idan abin da aikin ya faɗa wa abu ne mai lokaci, kamar taro, biki, tafiya, jarrabawa, zaɓe, aikin tiyata ko yanke shawara, to ma'anar ɗaya ce: ɗagewa. An ɗaga shi zuwa wani lokaci, amma yana nan, za a yi.

Misali daga abin da kowa ya shaida. A ranar 16 ga Fabrairu 2019, 'yan sa'o'i kafin a buɗe rumfuna, hukumar zaɓe ta INEC ta ɗage zaɓen shugaban ƙasa zuwa 23 ga wata. Da Turanci sai ka ce:

"INEC put off the election until 23 February."

Ko kuma ka ƙirga tsawon jinkirin:

"INEC put off the election for a week."

Ka ga bambancin. Until na tafiya da ranar da aka koma, for na tafiya da tsawon lokacin da aka ƙara. Zaɓen 2015 an ɗauke shi daga 14 ga Fabrairu zuwa 28 ga Maris, mako shida ke nan cif, don haka ko ka ce "until 28 March" ko ka ce "for six weeks". Kuskuren da aka saba shi ne cakuɗa su, a ce "until six weeks" ko "for Monday". Till daidai yake da until, amma ka lura l ɗaya ne a until, biyu a till. Za ka ci karo da "put off to a later date" a jarida, ba laifi ba ne, sai dai mai koyo ya riƙe until, ba ya ba da kunya.

Akwai ɗan ƙamshi da put off yake ɗauke da shi wanda postpone ba shi da shi sosai. Sau da yawa yana nuna jan ƙafa, mutum ya san ya kamata ya yi abu amma ba ya so. "You can't put off the decision any longer," wato ba sauran gobe ko jibi, dole ka yanke shawara. Shi ya sa ake yawan haɗa shi da keep: "He keeps putting it off," kullum sai ya ce sai gobe.

Mataki na 4: Ka san inda karɓau, wato abin da aikin ya faɗa wa, yake zama

A ƙamus na Oxford da Longman za ka ga wata 'yar kibiya mai kai biyu tsakanin sth da off. Tana gaya maka cewa ana iya raba kalmomin biyu. Ga dokar, kashi uku ce.

Idan karɓau suna ne gajere, yana iya zama a baya ko a tsakiya, duk ɗaya:

"They put off the wedding."
"They put the wedding off."

Idan wakilin suna ne, it ko them, tsakiya kawai:

"They put it off."

Ba a cewa "They put off it." Wannan ne kuskuren da ya fi kowanne yawa a rubutun ɗalibai, kuma masu shirya tambayoyi sun san da haka, shi ya sa suke dasa shi cikin zaɓuɓɓuka. A littafinka ka riƙa rubuta karɓau da jan biro, idonka ya saba ganin ja a tsakiya duk lokacin da it ne.

Idan karɓau dogo ne, a bar shi a baya. "The principal put off the meeting with the parents of the new students" ya fi daɗin ji. In ka tura off can ƙarshe bayan kalmomi tara, mai karatu ya manta da put kafin ya iso.

Mataki na 5: Idan aikatau ne zai biyo baya, ka sa masa -ing

"He put off going to the hospital until the pain got worse." Ya yi ta jan ƙafa wajen zuwa asibiti har ciwo ya yi tsanani. Ba a cewa "put off to go". Ɗalibai suna faɗawa nan ne saboda sun saba da want to go da decide to go, sai su zaci kowane aikatau haka yake. Hausa ma za ta taimake ka a nan. Muna cewa ya ɗage tafiya, ya ɗage biyan bashi, ba ma cewa ya ɗage ya tafi. Sunan aiki muke sawa, kuma -ing ɗin nan shi ne sunan aiki a Turanci. Irin wannan karɓau a baya yake zama kullum. Kada ka ce "put going to the hospital off".

Mataki na 6: Idan mutum ne, ma'ana ta rabu

Nan ne aikin yake da kauri, sai a bi a hankali. Mutum ba taro ba ne, ba a ɗage shi. Idan ka ga me, him, her, us, ko sunan mutum a tsakiya, ka dubi wane ne ko mene ne mai aikin.

Idan mai aikin mutum ne da ake bin sa wani abu, kuɗi ko aiki ko alkawarin haɗuwa, to ma'anar ita ce jeka-ka-dawo. Ka kai ɗinki mako uku kafin sallah. Ka je, tela ya ce saura wuya. Ka koma, ya ce ba wuta. Ka sake komawa, yaron shago ya ce maigida ya fita sayen zare, alhali ga yadinka can a ninke ko almakashi bai taɓa shi ba. Wannan shi ne:

"The tailor keeps putting me off."

Ana iya ƙara abin da yake kore ka da shi ta hanyar with: "He put me off with another promise." Ma'anar tana da sassauƙan ɓangare ma, wato ka gaya wa wanda kuka yi da shi zai zo cewa kada ya zo yanzu. "The guests are already on the way, it's too late to put them off." Baƙi sun riga sun kamo hanya, ba damar a ce su dakata.

Idan mai aikin abu ne ko hali, kamar wari, tsada, ƙazanta, girman kai ko mugun labari, to ma'anar ita ce fitar da abu daga ran mutum. "The smell put me off." Warin ya sa abin ya fita raina. A wannan ma'ana ana iya faɗin abin da ya fita ran, kuma yana zuwa kai tsaye bayan off, ba a sa from:

"The flies put me off the meat."
"The accident put him off driving at night."

Na farko, ƙudaje sun sa naman ya fita raina. Na biyu, tun da ya yi haɗari tuƙin dare ya fita kansa. Mai tunani da Hausa yakan ji kamar akwai "daga" da ta ɓace, sai ya cusa from. Off ɗin ya riga ya ɗauki wannan aiki.

Ga wani abu da ke rikita ko waɗanda suka yi nisa. A mataki na 4 an ce ba a cewa put off it. Amma "It put me off it" daidai ne. Dalili shi ne tsakiyar ta riga ta cika da mutum, me, shi kuma it na ƙarshe shi ne abin da ya fita rai. Tsari biyu ne daban, kada dokar ɗaya ta sa ka soke ɗayan.

Wannan ma'ana tana yawan zuwa a jimlar da ba a fara da mai aiki ba, tare da by: "Don't be put off by the price." Kada tsadar ta kore ka. "She was put off by his rudeness." Rashin ladabinsa ya sa ya fita ranta.

Ma'ana ta uku, idan mutum yana tsakiyar aikin da ke son natsuwa wani ya ɗauke masa hankali. Kana ƙirga kuɗi yaro yana ta surutu a kanka: "Be quiet, you're putting me off." Ka yi shiru, kana rikita mini lissafi. An fi jin wannan a bakin mutanen Birtaniya, musamman a wasanni.

Akwai ta huɗu da za ka gani a ƙasan jerin ƙamus, wato direba ya tsaya ya sauke fasinja. Ka san da ita don karatu, amma in kai za ka yi magana ka ce "drop me off at the roundabout", shi kowa ya sani.

Mataki na 7: Ka raba shi da maƙwabtansa

Call off. Wannan fasawa ne, ba ɗagewa ba. Gasar Olamfik ta Tokyo ta 2020 an ɗage ta zuwa 2021 saboda annobar korona, kuma an yi ta, don haka "it was put off". Gasar Olamfik ta 1940 da ta 1944 kuwa Yaƙin Duniya na Biyu ya hana su gaba ɗaya, su ne "called off". Bambancin ba na jarrabawa kaɗai ba ne. Wanda aka ɗaga bikin 'yarsa da mako biyu saboda rasuwa a dangi, ya tura wa abokan aiki saƙo cewa "The wedding has been called off", ya gaya musu an fasa auren. Kafin ya gyara, magana ta zaga.

Turn off da switch off. Su ne na fitila, fanka, talabijin, waya da janareta. A nan ƙasar za ka ji "put off the light" a ko'ina, har daga bakin masu digiri. Tushensa a fili yake: tun da put on the light daidai ne, sai aka ɗauka kishiyarsa put off ce. Ana jin irinsa a bakin wasu mutanen Birtaniya ma, amma mai duba takardarka turn off ko switch off yake jira, su ne kuma za a fahimta a ko'ina cikin duniya. "Off the light" kuwa ba shi da mafaka ko kaɗan a rubutu, domin off ba aikatau ba ne a nan.

Put out. Mu kalma ɗaya muke da ita, kashe wuta, ko ta lantarki ko ta murhu. Turanci ya raba. Duk abin da ke ci da harshe ko hayaƙi, gobara, kyandir, taba, garwashi, put out ake yi masa: "The firemen put out the fire." Wanda ya rubuta "put off the fire" ya ce an ɗage gobarar zuwa wani lokaci.

Take off. Shi ne kishiyar put on wajen tufafi da takalmi da hula. "Take off your shoes before you enter." A tsohon Turanci na ƙarnonin baya an yi amfani da put off wajen tuɓe kaya, za ka iya cin karo da shi a tsofaffin littattafai, amma yau ya mutu.

Bring forward da put back. A nan Hausa ce take jan mu cikin rami. Mu idan an ɗage abu cewa muke an ɗaga shi gaba. Sai ɗalibi ya ga forward ya zaci ɗagewa ne. A'a. Bring forward matso da abu kusa ne, taron Alhamis ya dawo Talata, shi ne ainihin kishiyar put off. Put back kuwa, duk da back ɗin, jinkirtawa ne, kusan daidai da put off. Ka rubuta wannan da jan biro ka ja masa layi biyu.

Put up with ba shi da dangantaka da su sai kamar suna. Haƙuri ne da abin da ba ka so.

Mataki na 8: Ka san wurin da ya dace da shi

Put off na hira ne da saƙon waya da labarin jarida da insha'i na ba da labari. A wasiƙar hukuma, kamar wadda za ka rubuta wa shugaban makaranta ko ma'aikata, postpone ya fi zama. Defer na tafiya da biyan kuɗi ko karɓar gurbin karatu da aka jinkirta. Adjourn na kotu ne da majalisa da taro, inda an riga an fara zama sannan aka tashi sai wata rana. Dukansu ma'anar ɗagewa kaɗai suke maye wa gurbi. Ba za ka ce wari ya postpone ɗinka ba.

Akwai sifa da aka cira daga gare shi, off-putting, an juya kalmomin an sa karan ɗori a tsakani. Tana tafiya da ma'anar fita rai kawai: "His manner is off-putting," halinsa yana korar mutane. In kana neman suna na ɗagewa, postponement ne.

Mataki na 9: Ka shigar da shi littafi

Ka buɗe shafi biyu masu kallon juna ka ja layuka su zama gida huɗu. Gidan farko tsari, kamar put sth off, put off doing sth, put sb off, put sb off sth, be put off by sth. Gida na biyu ma'ana da Hausa, a bakinka, yadda za ka faɗa wa ƙaninka. Na uku misali ɗaya daga ƙamus. Na huɗu misalinka, daga abin da ya shafe ka, kuɗin makaranta, zuwa asibiti, gyaran babur. Gida na huɗu shi ne mai amfani, shi ne kuma wanda ake tsallakewa. Wanda ya haddace "put off, ɗagewa" kawai zai gane shi a takarda, amma ba zai zo masa a baki ba.

Bayan haka ka ɗauki jarida ka nemi duk inda aka rubuta postponed, ka sake jimlar da put off, sannan ka sake ta da it a tsakiya. In ba jarida, ka saurari labaran Hausa a rediyo, duk inda aka ce an ɗage ko an fasa ko an soke, ka juya shi Turanci. Ka waiwayi shafin washegari, sai bayan kwana uku, sai bayan mako, kana rufe gidan Turanci da hannu kana fassarawa daga Hausa. Kada ka ɗauki sabon haɗi fiye da biyu ko uku a zama ɗaya, kuma kada ka haɗa put off da put out da put up a rana guda in ba ka riƙe na farko ba, cakuɗewa suke yi.

Mataki na 10: Gwaji

A ɗakin jarrabawa, ka fara sa postpone a madadinsa ka karanta. In jimla ta zauna, ka gama. In ba ta zauna ba, ka dubi mai aikin kamar yadda aka yi a mataki na 6. Ga jimloli bakwai, wasu daidai wasu da kuskure. Ka gyara kafin ka duba amsa.

1. The match was put off until Saturday because of the rain.
2. I don't want to do it today, so I will put off it.
3. She put off to pay the school fees.
4. Please put off the fan before you leave.
5. The long queue put me off from going to the bank.
6. The landlord wanted his rent, but Musa put him off with excuses.
7. They putted off the journey until two weeks.

Ta 1 daidai ce, an ɗage wasa zuwa Asabar saboda ruwan sama. Ta 2 sai a ce "put it off". Ta 3 "put off paying". Ta 4 "turn off the fan" ko "switch off the fan". Ta 5 a cire from, ta zama "put me off going to the bank". Ta 6 daidai ce, mai gida ya zo karɓar haya Musa ya sallame shi da uzuri. Ta 7 kuskure biyu ne a ciki, putted ya koma put, until ya koma for: "They put off the journey for two weeks." In ka faɗi ta 2 ka koma mataki na 4, in ta 3 ce mataki na 5, in ta 5 ce ka sake karanta ma'ana ta biyu a mataki na 6 ka rubuta sababbin jimloli uku da ita.